Gadon Ɗanyen Katako

Shekara goma sha huɗu ke nan da kafinta ya ƙera gadon jariri, kuma babu jaririn da ya taɓa kwanciya a ciki. Ya yi shi ne a shekarar aurensa, lokacin da matarsa ta samu ciki. Katako mai nauyi ya zaɓa, wanda ya shekara uku yana bushewa a inuwa, ya haɗa shi babu ƙusa ko ɗaya, ya goge shi har hannu yana zamewa a kai. Cikin ya zube a wata na biyar, wani kuma bai sake zama ba. Sai ya kai gadon ƙuryar shago, bayan tarin katako, ya rufe shi da tsohon zanin gado.

Kullum da safe, kafin ya taɓa zarto, sai ya je ƙuryar nan ya durƙusa a kan garin katako, ya ɗora hannu a kan gadon ya yi addu'a. Roƙon ɗaya ne, bai taɓa canza shi ba. A coci ana kiransa mutumin kirki, don duk bencin da ya karye shi ke gyarawa ba a roƙe shi ba. Amma mutum yana iya miƙar da bencin coci kaf, zuciyarsa tana nan a karkace, kuma tasa ta karkace ne a kan ƙaninsa.

Auta suke kiran ƙanin, direban motar haya ne, baki gare shi kamar reza. Coci sai an matsa masa yake zuwa, ya zauna a bencin baya yana hamma. Shekara biyu da suka wuce, a ɗakin mahaifiyarsu, ga baƙi a zaune, ya dubi wansa ya ce, "Yaya, gadon nan naka ka ara wa kaza mana, ko ƙwai ta saka a ciki." Aka yi dariya. Matar kafinta tana wurin, ta tashi ta fita. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakanin wa da ƙani, ita ma a tsaitsaye.

To, Auta ya yi aure, shekara ba ta zagayo ba matarsa ta haifi tagwaye, namiji da mace.

Kafinta ya je barka, ya ce Allah ya raya, ya dawo shago ya kasa buga ƙusa daidai. Washegari da ya durƙusa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ubangiji, shi da ko waƙa ɗaya bai iya ba. Shi da ya yi wa matata dariya. Biyu a tashi ɗaya? Ni da nake durƙusa maka shekara goma sha huɗu?" Kada wani ya kira wannan addu'a. Ƙara ce ya kai, kuma ƙarar Allah da kansa ya kai.

Bayan mako guda mahaifiyarsu ta zo shagon tana dogara sanda. Ta ƙi zama.

"Babba, gado ɗaya suka tanada, Allah ya ba su biyu. Macen a kan kujera take kwana, an tokare ta da matashin kai. Ka ba su wancan."

"Wanne, Mama?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Wanda kake rufewa kamar gawa."

Ya ci gaba da goge ƙafar teburin da ke gabansa. "Yana da mai shi."

"Ina mai shin?"

Ita da kanta ta ji kunyar tambayar. Can ya ce, "Zan yi musu sabo. Kwana uku."

A makon ne aka sauke masa katako sabon yanka. Ɗanye ne shar, nauyin ruwa a jikinsa, in ka ɗora tafin hannu sai ka ji sanyi. Busasshe kuwa yana nan jere a kan kanta, wanda zai isa gado biyu. Ya wuce busasshen ya jawo ɗanyen. Ba kuskure ba ne. Duk kafinta ya san halin ɗanyen katako: ranar farko ya fi kowane kyau, amma ya yi mako uku ko huɗu a ɗaki mai ɗumi sai ya tsuke, mahaɗa ta saki, gindi ya zame. Yana yanka yana gaya wa kansa cewa gadon ƙara kawai zai riƙa yi, Auta ya ji haushi, ya zo da ƙafarsa ya ce, "Yaya, taimaka." Ya hango fuskar Auta sarai. Wadda za ta kwanta a ciki ce ya ƙi yarda ya hango. Ya shafa fenti sau uku, don kada ido ya ga abin da hannu zai ji.

Da ya kai, Auta ya zagaya gadon yana kaɗa kai. "Ashe hannun bai mutu ba, Yaya. Ai wannan ya fi na ajiyar kyau." Mai jego ta yi godiya har da russunawa, ta kwantar da macen a ciki. Kafinta ya ƙi ruwan da aka kawo masa, ya ce aiki na jiransa.

Da safe ya je ƙurya ya tsaya. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ya ɗora hannu a kan zanin, ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai numfashi. Ya ce gajiya ce. Washegari ma haka. Rana ta huɗu bai ma je ƙuryar ba, yana shiga ya ɗauki guduma. Ranar Lahadi ya zauna a wurinsa na kullum, bakinsa yana motsi tare da na jama'a, kunnensa kuwa yana bencin baya, inda ake ta leƙa tagwaye ana cewa kamar an tsaga kara.

Matarsa ɗinki take yi a gida, kuma tun haihuwar kullum da la'asar sai ta rufe keke ta tafi taya mai jego aiki. Wata ranar Asabar ya dawo cin abincin rana ya tarar da ita tana ninke wanki. Ta ɗaga wandon aikinsa ta duba.

"Maigida, shekara goma sha huɗu ina kakkaɓe garin katako daga gwiwar wandonka. Yau kwana nawa ban gani ba."

"Na share shagon ne."

"To, madalla da tsintsiya."

Abin ya sosa masa rai, sai ya juya kanta. "Ke dai ba ki da zuciya. Mutumin da ya sa aka yi miki dariya, gidansa kike zuwa wanke tsumma."

Ta ajiye wandon. "Ina da ita, har ta yi mini yawa. Kullum na dawo sai na tsaya a bayan gida na gama kukana kafin na shigo, kai ne ba ka lura ba. Ranar da na fara ɗaukar macen, ji na yi kamar in ruga da ita, na kuma ji kamar in dire ta in ce kada in sake ganinta. Duk na gaya wa Ubangiji, don ko na ɓoye ya gani."

"Sai ya ce miki me?"

"Abin da ya riga ya ce. Mu yi wa masu ɓata mana rai addu'a. Bai ce sai ranar da muka ji daɗi ba. Auta ne na farko a bakina kullum, haƙorana a cije nake kiran sa, amma ina kira." Ta ɗauki wata riga ta girgiza. "Af, na tuna. Gadon nan ya fara ƙara. Da an kwantar da macen sai ya amsa. Mai jego ta ce in ka samu sarari ka leƙa."

Ya lissafa a ransa. Kwana goma sha tara.

Bai gama cin abincin ba ya koma shago. A ƙarƙashin teburin aiki akwai guntun da ya rage daga allon da ya yi gindin gadon da shi. Ya jawo shi. Ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, ga tsaga ta bi shi daga baki zuwa baki, har ɗan yatsa yana shiga. A wannan karon fuskar Auta ba ta zo masa ba. Tsayin gadon daga ƙasa ne ya zo masa, da siminti, da kan jaririya wanda bai kai dunƙulen hannunsa ba.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ya gan ta. Ya je ya ce mahaɗa ce ta ɗan saki, ya ɗauko gadon, ya sake shi da busasshe cikin kwana biyu, babu wanda zai taɓa sani, har a ƙara yabon sa. Ya tsaya yana juya wannan a ransa, ya ga ita ma fenti ce, shafi na huɗu. Sai ya je ƙurya ya yaye zanin. Ƙura ta tashi. Gadon yana nan yadda ya bar shi, ko gara ba ta kusance shi ba. Ya goge shi da rigarsa, ya ɗora a ka, ya fita ko ƙofar shago bai rufe ba. Mai gyaran takalma na maƙwabta ya miƙe tsaye yana murna, "A'a, kafinta, an samu ne?" Ya wuce abinsa.

Ya tarar da Auta a gida, mota tana gareji, mahaifiyarsu tana riƙe da namijin. Macen tana barci a gadon fenti.

"Ɗauke ta," ya ce wa mai jego.

"Yanzu ta samu barci, Yaya."

"Ɗauke ta, don Allah."

Ta ɗauke ta. Ya sauke nasa gadon a tsakar ɗaki, ya je ga wancan, ya sa tafin hannu ɗaya a tsakiya ya ɗan danna. Gindin ya zame gaba ɗaya ya faɗi ƙasa da katifar da komai. Mai jego ta ƙanƙame 'yarta. Namijin ya fashe da kuka.

Auta ya yi ajiyar zuciya. "Katakon zamani ke nan. Allah ya kiyaye. Masu sayarwar nan ba sa tsoron Allah."

Ga ƙofar tsira an buɗe masa, kuma Auta ne da kansa ya buɗe. Kafinta ya dubi allon da ke ƙasa.

"Ba mai sayarwa ba ne. Ɗanye ne, kuma na sani. Ina da busasshe na ƙi ɗauka."

Yaron ya ci gaba da kuka. Mahaifiyarsu ta rufe baki da gefen mayafi.

"Saboda maganar kazar nan?" in ji Auta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Da ita nake fakewa. Don an ba ka biyu ne, ni ba a ba ni ko ɗaya ba."

"Sai ka rama a kan 'yar wata ɗaya. Kai ne na bencin gaba, Yaya. Kai ne ake ce mini in yi koyi da kai."

"Ni ne. Ka gafarta mini. Ke ma ki gafarta mini."

"Kwashe tarkacenka. Har da wannan da ka kawo yanzu, ban yarda da shi ba," in ji Auta.

"A gwada shi tukuna," in ji mahaifiyarsu.

Auta ya dubi gadon da ya taɓa yi wa ba'a. Ya cire takalmi, ya taka cikinsa da ƙafa ɗaya, ya ɗora ta biyu, ƙato guda ya tsaya a gadon jariri yana jijjiga shi da gayya. Ko motsi mahaɗar ba ta yi ba. Ya sauko bai dubi kowa ba. Mai jego ta ɗauki katifar daga ƙasa ta kakkaɓe, ta shimfiɗa, ta kwantar da 'yarta. Kafinta ya ga ɗan ƙaramin hannu ya miƙe ya taɓa gefen da ya goge shekara goma sha huɗu da suka wuce, sai ya ji wani abu ya soke shi a ƙirji. Hassadar ba ta tafi don ya faɗi sunanta ba. Ya tattara katakan ya ɗaure, ya yi sallama, mahaifiyarsu kaɗai ta amsa.

A shago ya warware gadon fenti allo-allo, ya kankare fentin don katakon ya samu numfashi, ya jera su a ƙuryar da ta zama wayam, yana sa 'yan siraran itace a tsakani don iska ta ratsa.

Ranar Litinin da safe ya durƙusa a gabansu. Da Auta ya fara, kuma sai da ya maimaita sunan sau uku kafin ya iya ci gaba. Ya roƙa masa tsari a hanya, da motar da ba za ta riƙa kwana a gareji ba. Ya roƙa wa tagwayen lafiya. Sannan ya kawo nasa roƙon na kullum, bai janye shi ba, amma ya bar ƙirga wa Allah shekaru. Ya ce, "Ka san lokacin. Ni ban sani ba. Na gwada gaggawa na ga abin da take haifarwa."

Da rana matarsa ta kawo masa abinci shago, abin da ba ta saba ba. Ta dubi gwiwar wandonsa, ga garin katako a kai. Ta dubi ƙuryar.

"Auta ya tambaye ni ko ka ci abinci jiya. Bai ce in gaishe ka ba, kada ka ce na ce." Ta nuna allunan. "Waɗannan kuma yaushe za su yi amfani?"

"Ba ni ke sa musu rana ba. Wani shekara ɗaya, wani uku. Nawa in riƙa juya su, in hana gara."

Ta ajiye kwanon a kan teburin aiki. "To, wanke hannu. Na ga har fentin ya shiga farcenka."