Hannun da Ya Rufe Kulob

Duk fuskokin da ke allon kwamfutar shi suke kallo. Muhyiddeen, ɗalibin digiri na uku daga Kano, shi ne wakilin baƙi 'yan haya a kwamitin dogon benen da suke zaune a unguwar Sri Petaling, can ƙasar mutanen Malay. Tun da korona ta kulle gari, ta kwamfuta ake taro.

Encik Razlan, shugaban kwamitin, ya sake jero maganar. An ɗaga mafi ƙarancin albashi, dole a ƙara wa masu shara. Hukumar birni kuma ta janye tallafin da take ba kulob ɗin matasa da ke ƙasan bene. Asusu ba zai ɗauki biyun ba. Ƙuri'a ta yi kunnen doki, saura tasa.

Muhyiddeen ya san akwai hanya ta uku. Ya ga abin da aka ware don shafe ƙofar shiga da marmara, aikin da aka ba surukin shugaban. Maganar ta zo masa har leɓe. Amma Encik Razlan ne mai gidan da yake haya, wa'adin hayar kuma ya kusa cika. Ina baƙo zai kwashi iyali ya dosa cikin annoba?

"Doctor, boleh?" in ji shugaban yana murmushi, wato ko ya amince.

Ya ɗaga hannu, a rufe kulob. Da ya juya, sai ya ga matarsa Saudatu tsaye a bakin kicin, ludayi a hannunta. 

*

A kulob ɗin nan ɗansu Rayyan, mai shekara goma sha biyar, ya koyi yaren Malay, ya yi abokai, ya daina kukan a mai da shi Kano. Da aka sassauta kulle, ya sauka da gudu da takalmin ƙwallonsa, ya tarar an cika ɗakin da buhunan siminti. Masu sharar an yi musu ƙarin, sannan aka sallami rabinsu.

Yaran suka koma bayan wani kedai, shagon shayi na bakin titi, inda samari ke tseren babur.

"Abban Rayyan, yaron nan da warin fetur yake shigowa," Saudatu ta faɗa masa wata safiya.

"Zan yi masa magana."

"Yaushe?"

Sau da dama ya je ƙofar ɗakin yaron, ya tsaya, ya juyo. Da wane baki zai hana shi titi?

*

Ana sallame la'asar aka kira shi daga asibiti. Babur ya kwashe da Rayyan a kan kwana, ƙafar dama ta karye biyu. Likita ta ce zai taka, amma ƙwallo sai dai ya kalla.

Mutum ɗaya ake bari ya shiga. Saudatu ta gyara masa takunkumin fuska da hannunta, ta ce, "Kai za ka shiga."

Rayyan na kwance, ƙafar a rataye, fuskarsa ta kumbura.

"Sorry lah, Abba," ya faɗa a hankali, da Turancin yaran can. "Rashin wurin zuwa ne kawai."

"Yi shiru, ya wuce."

"Abba, kana kwamiti. Su wa suka rufe mana kulob?"

Muhyiddeen ya ji takunkumin ya manne masa a baki. Ya duƙa yana gyara bargon da bai karkace ba.

"Mutanen kwamiti ne."

Yaron ya mai da ido kan silin. Hawaye ya gangara masa cikin kunne. Ya yi magana da Hausar da ya daɗe bai yi ba, tsantsa, irin ta kakarsa.

"Allah ya isa tsakanina da su."

Yana jiran uban ya amsa masa da amin. Muhyiddeen ya ɗauko kofin ruwa ya kai masa baki. Ruwan na ta ɗiga a wuyan rigar asibiti.