Kumfa a Hannun Dama

Ni ce autar Baba, kuma duk gidanmu babu wanda ya san halinsa kamar ni. Mutum ne da za ka taka masa ƙafa, shi ya ce maka yi haƙuri. Amma ka kuskura ka yi aiki a karkace a gabansa, to ranar ba za ka sha da daɗi ba.

Mai aski ne tun kafin a haife ni. Ba ruwansa da injin nan mai ƙugi a kunne, shi dai aska, buroshi, sabulu da tawul mai zafi. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, ƙafa ta fara takawa, amma hannun dama ya kwanta a cinyarsa kamar na aro. Likita ta faɗa mana ƙarara cewa hannun bai mutu ba, yatsun suna motsi, sai dai in bai riƙa aiki da shi a 'yan watannin nan ba zai sandare, kuma shi ke nan.

Sau ɗaya Baba ya je wajen masu motsa hannu a asibiti. Suka ba shi 'yan ƙwallaye ya riƙa ɗebowa daga wannan kwano yana zubawa a wancan. Ya dawo gida ya ce shi ba yaron goye ba ne, ba inda zai sake zuwa. Mama ta yi lallashin, ta yi kukan, duk a banza. Na ji tsoro ƙwarai, don kullum na je sai na ga yatsun sun ƙara lanƙwashewa. Amma ni ban lallashe shi ba, na san ba ta nan ake kama shi ba.

Maigidana direban babbar mota ne, mai sanyin hali, gemunsa kuwa kamar wayar goge tukunya. Na hana shi aski na 'yan kwanaki har fuskar ta yi kaca-kaca da tsiro.

"Wai me na yi miki ne?" ya tambaye ni yana susar haɓa.

"Ba ka yi komai ba. Aron fuskarka kawai nake so."

Da hantsi muka isa gidan su Baba. Na ɗauko akwatin kayan aikin Baba daga saman kabad, na kaɗe ƙurar, na ja kujera har gaban tagar ɗakinsa, dab da inda yake zaune, ta ɓangarensa na dama.

"Baba, a yi mana haƙuri, nan ne da haske. Zan ɗan gyara wa mutumin nan fuska, gobe yana da tafiya."

Ya juya kai wajen bango.

Na debo ruwan sanyi a kofi. Na ɗauki buroshin a bushe, na dangwala a ruwan, na goga wa sabulun sau biyu kamar mai tsoron kada ya ƙare, sannan na tuttula ruwa a kwanon kumfa na hau kaɗawa. Abin da ya fito sai ka rantse ruwan wanke-wanke ne, manyan ƙwayoyi suna fashewa tun kafin su tashi. Ni da na girma a gindin kujerar askinsa, na san yadda ake yi sarai. Ɓata shi da gangan ya fi yin sa daidai wuya.

Na yaɓa wa maigidan a kumatu. Ruwan ya gangaro ta wuya ya shige cikin riga. Bawan Allah ya runtse ido. Na buɗe askar, na ɗaga ta yadda za ta kama hasken taga.

"Ke!"

Na juyo da fuskar marar laifi. "Na'am, Baba?"

"Yanka shi za ki yi ko aski? A kan busasshen gemu? Ajiye askar nan. Je ki ɗora ruwa."

Na tafi kicin ina danne dariya. Mama ta bi ni da ido, na ɗora yatsa a baki.

Da na kawo ruwan zafin, umarni ya fara sauka. A wanke fuskar da sabulu tukuna, maiƙon fata ya fita. A tsoma buroshin a ruwan ɗumi a bar shi ya sha. A jiƙa tawul, a matse, a gwada a bayan hannu kafin a ɗora wa mutum. Na naɗe fuskar maigidan da tawul, hanci kawai ya rage a waje.

"Bar shi ya daɗe," in ji Baba. "Gemu irin nasa sai ya sha zafi yake laushi. In ya huce ki sake wani."

Sai aka dawo kan kumfa, ni kuma na sake ambaliya da ruwa.

"Wayyo, wannan yarinya! Ɗigo ake sawa, ɗigo! Ba ni nan."

Na miƙa masa. Ya karɓi buroshin da hagu, ya ɗora kwanon a cinya, ya fara juyawa. Kwanon ya yi ta zamewa yana neman kifewa. Na ga ya kalle ni, yana jira in riƙe masa. Ni kuwa na duƙufa kan matse tawul, kamar duk duniya ba ni da wani aiki sai shi.

Ya yi tsaki. Ya riƙe kwanon da hagu. Sannan a hankali ya sa ƙotar buroshin tsakanin yatsun dama, ya matse su da babban yatsan hagu har suka kama.

Juyin farko buroshin ya suɓuce ya faɗi a tabarma. Na ɗauraye na mayar masa. Ya sake gwadawa. Hannun yana rawa tun daga kafaɗa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya yarfe ruwan, ya murza gashin buroshin a kan sabulu har ya ɗauka da kauri, ya koma kwano. Ya ce in ɗiga masa ruwa da yatsa, na ɗiga. Ya juya, ya ce in ƙara. Sannu a hankali ƙarar ta canza, daga tsalam-tsalam ta koma wani laushi da na sani tun ina ƙarama. Manyan ƙwayoyin suka ɓace. Kumfar ta yi fari tas, tana sheƙi, da ya ɗaga buroshin sai ta tsaya a kansa ba ta zube ba.

"Matso da shi," ya ce.

Maigidan ya durƙusa a gabansa ya miƙa haɓa. Baba ya riƙa murza kumfar cikin tsiron yana zagayawa, don gashin ya miƙe tsaye, sannan ya shafe ta sumul daga saje zuwa wuya. Wani wurin ta hau kunne, wani wurin ta shiga hanci. Mama tana bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba. Ni ma daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Saura aska. Na ɗauko ta na riƙe, ban miƙa ba, ban kuma ɓoye ba. Baba ya dube ta, ya dubi hannunsa da ke karkarwa a kan gwiwa, duk ya yi dumu-dumu da kumfa. 

"Mayar da ita akwati," ya ce. "Ba zan sa wannan hannun a wuyan ɗan mutane yau ba."

Maigidan ya sauke wata ajiyar zuciya da ta hura kumfar gashin bakinsa. Ya ce, "To Baba, bari in wanke, in na fita sai in tsaya wajen masu inji."

"Masu me?" Baba ya ɗaga murya yadda rabon da mu ji tun kafin ciwon. "Ni na jiƙa gemun nan, ni zan sauke shi. In ka dawo daga tafiyar ka zo ka kai ni wajen masu ƙwallayen nan. Kafin nan kada ka bari kowa ya taɓa maka fuska."

Maigidan ya juyo ya kalle ni, fuska fari fat, ido kawai ake gani.

"Baba, zai kai kamar yaushe?" ya tambaya.

"Sai ran da hannun ya daina rawa. Ke kuma Auta, daina washe baki, ɗauko tawul ki goge min yatsu."