Ko Sukuru Ɗaya Kada Ya Fita

Tun ina ɗaliba a wannan kwalejin fasaha jiragen nan suke rataye a silin ɗin ɗakin aiki, kowanne da zarensa, kamar wankin da aka manta a igiya. Na gama, na tafi ƙaro karatu, na dawo a matsayin malama, na tarar da su yadda na bar su, sai dai yanar gizo-gizo ta ƙaru. Ƙananan jiragen sama ne masu batir, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. An sayo su ne don ɗalibai su ga yadda inji da farfela da fiffike suke haɗa kai su ɗaga abu sama. Amma mu a allo muke koyar da tashi. Mu zana iska da alli, mu yi mata kibiya, ɗalibai su kwafa, su ci jarrabawa, a ba su takardar shaida, alhali ko ɗayansu bai taɓa jin iskar farfela a bayan hannunsa ba.

Ciwon jiragen ba ɓoyayye ba ne. Batiransu sun mutu tuntuni, har wani farin gishiri ya tsiro a bakinsu. Injinan kuwa tsohon yayi ne, masu buroshi a ciki da ya riga ya cinye, ga nauyi kamar dutse, ƙarfi kuwa bai kai na mafici ba. Maganin ma ba ɓoyayye ba ne: a sa sababbin injina marasa buroshi da batiran litiyom. Na faɗa a taro, na faɗa a ofis, na faɗa a kan matakala. Amsar shugaban sashenmu ɗaya ce, har ta zama sunansa a bayan ido: Sai-an-duba.

Da labari ya zo cewa kwamitin da ke amincewa da sayen kayan aiki zai kawo ziyara, sai na same shi a ofis yana ɓare lemo a kan jarida.

"Yallaɓai, a ba ni jirgi ɗaya in tashe shi a gabansu. In sun gani da idonsu, za su yarda a sabunta sauran. 'Yan ajin ƙarshe sun kusa tafiya, kuma ba su taɓa taɓa komai ba sai biro."

"Malama Yanzu-yanzu," ya ce, don ni ma ina da nawa sunan, shi kuma a gaban ido yake faɗa. "Kin san shekarun da jiragen nan suka yi babu ko ƙwarzane?"

"Ai abin da bai taɓa tashi ba, ba ya faɗuwa, yallaɓai."

Ya ɗauka yabo ne, ya gyaɗa kai. Ya tauna lemo, ya tofar da ƙwallo a tafin hannu, sannan ya yanke hukunci.

"Ɗauki ɗaya. Ki ƙara abin da za ki ƙara, wannan ruwanki. Amma kayan makaranta ne, komai na jikinsa da lamba. Ko sukuru ɗaya kada ya fita daga cikinsa."

"Yallaɓai, ta yaya zan sa sabon inji ban cire tsohon ba?"

"Ke ce mai karatu."

Tsani yana sito, makullin sito kuma yana aljihun Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a wannan aikin. Uwata yake kirana, saboda sunan kakata gare ni. Ya fito da tsanin, ya riƙe mini ƙafarsa ina hawa, bakinsa bai huta ba.

"Uwata, ki bi a hankali. Tsanin nan ma da lambarsa. In kin karye za ki warke, shi kuwa sai an kafa kwamiti."

"Kawu, kai bai dame ka ba? Kana gadin abin da ba ya amfanar kowa."

"Ni an ce in ajiye, na ajiye. Ba a taɓa cewa in amfanar ba. Sauko, kaina ya fara juyawa."

Sabon inji da batir daga gida na kawo su. Ina da nawa jirgin da na haɗa da hannuna lokacin karatu, shi na kwantar a teburin cin abinci na kwance masa hanci. Mijina ya shigo ya tsaya a kaina.

"Kin cire wa ɗanki zuciya za ki ba ɗan maƙwabta?"

"Aro ne."

"Haka kika ce da sukundirebana."

Washegari na tara 'yan ajin ƙarshe, muka buɗe jirgin makaranta. A ranar na ga manyan samari da 'yanmata suna rige-rigen riƙe waya don a narka mata dalma, suna tura juna kamar ana rabon alewa, sai zuciyata ta yi zafi maimakon ta yi daɗi. Wannan ƙishirwar tana nan duk shekarun nan, a ƙarƙashin silin ɗin nan, muna shayar da ita alli.

Muka ɗaura sabon injin a hanci, ɗan ƙarami, bai fi murfin kwalba faɗi sosai ba. Muka haɗa shi da 'yar na'urar da ke daidaita gudunsa, muka sa batirin, wanda bai fi guntun sabulu ba. Na ɗora jirgin a kan yatsuna biyu a ƙarƙashin fiffike don gwada ma'auni, sai wutsiya ta zauna ƙasa. Sababbin kayan sun yi sauƙi, hanci ya rasa nauyi. Jirgi mai nauyin wutsiya kuwa yana tashi zai ɗaga kai sama, ya wuntsila, ya dawo ƙasa gutsattsari.

Wata doguwar ɗaliba, wadda kowa ke kira Zangwai, ta ɗago mataccen batirin daga tebur.

"Malama, ai an ce kada wannan ya fita. To ya yi aiki mana, ko na dako ne."

Muka naɗe bakinsa da salatif, muka cusa shi can cikin hanci. Jirgin ya tsaya daidai a kan yatsuna. Tsohon injin kuma muka sa shi cikin safa, muka ɗaure da roba a tsakiyar ciki, inda nauyinsa ba zai rinjayi ko'ina ba. Sukurorinsa ma muka zuba cikin safar. Babu abin da ya fita. Jirgin zai tashi yana goye da gawarsa, kuma sabon injin yana da ƙarfin da zai ɗauki wannan wulaƙancin.

Ranar ziyara aka jera kujeru a bakin filin ƙwallo. Shugabar kwamitin mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Sai-an-duba ya zauna kusa da ita, ya sa hular da yake ajiyewa don baƙi. Zangwai ta ɗaga jirgin sama da kanta, na tura sandar rimot, farfela ta yi kuka, ta jefa shi.

Ya ɗan nutsa, sannan ya kama iska ya hau. Ya wuce saman raga, ya wuce saman tankin ruwa, ya juyo, rana ta bugi cikinsa. Ɗalibai suka manta da baƙi, suka bazama cikin fili suna binsa da ido. Na miƙa wa Zangwai rimot, ta kewaya da shi sau ɗaya, ta dawo mini da shi kamar yana ƙuna. Na sauke shi a kan ciyawa lafiya.

Kafin in isa, Sai-an-duba ya riga ni. Mutumin da bai taɓa hawa tsani don jiragen nan ba, ya ɗauko shi a ƙirji kamar jariri, ya kai gaban shugabar, ya buɗe murfin hanci. Abin da ya fara bayyana shi ne mataccen batirin, da lambar makaranta a jikinsa da jan fenti.

"Kin gani, ranki ya daɗe. Kayanmu na asali. Mu a nan ba mu san ɓarna ba. Kulawa ce kawai da haƙuri."

Ta leƙa, ta ga lambar, ta gyara tabarau.

"Abin sha'awa. To ashe ba ku buƙatar sababbi. Akwai sassan da ba su da ko na asalin, sai mu juya kuɗin can."

"Yadda kika gani, ranki ya daɗe," ya ce, yana murmushi.

Na tsaya ina kallonsa. Ya gwammace ɗalibansa su fita hannu rabbana, muddin za a ce shi mai tattali ne. Kawu ya matso bayana, ya yi ƙasa da murya.

"Uwata, haɗiye. An yaba, kowa ya ji daɗi. Ki bari a tashi lafiya."

Ban haɗiye ba. Na sa hannu cikin jirgin, na zare sabon batirin daga inda yake ɓoye a baya, na sa a aljihun rigar aikina. Na ɓare salatif ɗin tsohon, na haɗa wayarsa. Sannan na miƙa wa Sai-an-duba rimot da hannu biyu, cikin ladabi.

"Yallaɓai, na cire abin da na ƙara. Yanzu kayan asali ne ke ba da wuta. Bismilla, a nuna wa baƙi."

Ya karɓa, don babu yadda zai ƙi a gabanta. Ya tura sanda. Farfela ba ta ko motsa ba. Ya tura ɗayar. Ya juya rimot ɗin ya duba bayansa, ya ɗan bubbuga shi a cinya. Wani daga cikin ɗalibai ya ce, ba da ƙarfi ba, "Sai an duba," dariya ta bi layi tana neman wurin ɓuya.

Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta ce in nuna mata cikin jirgin duka. Na zaro safar, na zazzage mata tsohon injin da sukurorinsa a tafin hannu, na gaya mata dalilin da ya sa suke ciki.

"Wa ya kafa wannan dokar?"

Sai-an-duba ya shiga gyara hularsa. Ta kalli Kawu, da tarin makullai a ƙugunsa.

"Ranki ya daɗe, ni tsani kawai na riƙe," ya ce. "Amma shaida ne ni, ko sukuru bai fita ba."

Kwamitin ya amince. Kafin 'yan ajin ƙarshe su fara jarrabawa, kwalayen suka iso, injina da batira na kowane jirgi. Sai-an-duba, wanda tun ranar ba ya amsa gaisuwata, ya sa aka shafa wa kowanne lamba da jan fenti, aka jera su a kanta a sito. Ya bar umarni: babu abin da zai fita ta ƙofar sito sai da sa hannunsa. Da na je neman sa hannun, kun san abin da ya ce.

Na sami Kawu a sito yana kaɗa ƙuda.

"Kawu, batiran nan ba irin na da ba ne. In aka bar su haka ba caji, ba amfani, lalacewa za su yi, su kumbura. Nan da baɗi za a sake rataye gawa a silin. Yaran nan kuma za su tafi."

"Ni umarni aka ba ni, Uwata. Ta ƙofar nan babu abin da zai fita."

"To shi ke nan mu zauna mu zuba ido?"

Ya kalli kwalayen. Sannan ya tashi da ƙyar, yana dafa gwiwa, ya nufi babbar tagar da ke fuskantar filin ƙwallo. Sakatarta ta yi tsatsa, sai da ya buga ta da gindin tsintsiya ta saki.

"Wurin nan zafi," ya ce. "Kuma ni ba a ce da ni komai a kan taga ba. Shigo da jiragen nan ciki kuwa babu wanda ya hana."

Da hantsi ɗalibai suka sauko da jiragen ɗaya bayan ɗaya, suka shigar da su sito ta ƙofa. A kan kwalaye muka yi aikin sa musu sababbin injina da batira, a tsugune, cikin warin dalma. Duk wanda aka gama, sai a karkata fiffikensa a miƙa wa Zangwai ta taga, kamar kayan sata. Kwaleji guda, da tambarinta da shugabanninta, amma darasi sai ya bi ta taga kafin ya isa hannun ɗalibi.

Kawu ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa, makullai a cinya, yana gadi. Jirgi na farko ya tashi, inuwarsa ta gifta tagar ofishin shugaba.