Fankar da Ta Kwanta Rigingine

Shekara talatin Mai Fanka ya yi yana ƙera fanka a shagonsa, shi da ma'aikata shida, kuma duk wadda ta fita daga hannunsa maɓalli biyar gare ta. Na biyar ɗin shi ne abin alfaharinsa. In ka danna shi, sai ka dafe hularka.

Da Autarsa ta gama karatun injiniya, sai ta zo da wani ɗan abu da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ce a riƙa sa shi a cikin kowace fanka. Mai saye zai iya kunna ta da wayarsa, in kuma ya amince, fankar za ta riƙa aiko wa shago labarin yadda ake aiki da ita.

"Wato fanka ta koma 'yar gulma," in ji shi.

"Baba, ba maganar mutane za ta kawo ba. Ta kanta kawai."

Ya yarda, don dai Auta ce. Bayan wata uku ta ajiye masa kwamfuta a kan teburin aiki, tsakanin filaya da gwangwanin giris. Allon cike yake da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo fankarsa ce tana juyawa a wani ɗaki. A da, fanka in ta bar ƙofar shago ba ya sake jin ɗuriyarta sai ta lalace. Yau ga su nan reras a gabansa. Shayinsa ya huce bai sani ba. Ya kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu, bakinsa har kunne, kamar wanda aka yi wa jikoki ɗari a rana guda.

Auta ta bari ya gama murna, sannan ta ce, "Baba, akwai abin da ba zai yi maka daɗi ba. Mutane ba sa taɓa biyar. Yawancinsu a biyu suke tsayawa."

Ya cire tabarau. "Ko mutum ɗaya?"

"Ɗaya tak. Tun safe har yamma tasa tana kan biyar, ba ta juya kai, kuma ta nuna a kwance take."

"Wannan shi ya san fanka. Kira min shi."

Mai wanki da guga ne, a wani ƙuntataccen shago bayan kantin magani. Damina ce, kwana huɗu rana ba ta leƙo ba. Da Auta ta kira shi ta ji inda yake, ita da babanta suka je da kansu. Suna shiga suka tarar da fankar a kwance rigingine kan bulo biyu, an kwance mata ƙafa. Sama da ita igiyoyi ne cike da kaya, riguna na ɗaga hannu, wanduna sun cika da iska suna ta shure-shure.

Mai wankin ya tsorata, ya zaci faɗa aka zo yi masa. "Ranka ya daɗe, ƙafar tana nan, ban yar ba."

Mai Fanka ya yi dariya har ya zauna daɓas a kan ƙunshin zannuwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam, rabu da ƙafa. Me take yi maka da ba ka so?"

Nan fa baki ya buɗe. Ruwa na ɗiga cikin injin. Ba ta da mariƙi, sai ya rungume ta kamar akuya. Kuma in yana guga a ƙofa, sai ya yi ta sintiri yana taɓa kaya ko sun bushe.

Tun kafin ya rufe baki Mai Fanka ya yage kwalin sabulu ya fara zane, Auta na leƙe ta kafaɗarsa.

"Zan iya sa ta ji laima," ta ce. "In kaya sun bushe ta kashe kanta, ta aika saƙo a waya."

"Ta kashe kanta?" in ji mai wanki. "A'a, a bar ta da ranta."

Sati shida suka yi a kanta. Ta fito gajera, ba ƙafa, fuska sama, da 'yar rumfa a kan injin da mariƙi gefe da gefe. Ma'aikata suka raɗa mata Malalaciya, sunan kuwa ya bi ta. Mai wanki ya faɗa wa 'yan uwansa masu wanki, su kuma suka faɗa wa masu otal da masu rini, har sai da aka ƙara benci a ƙofar shago.

Uwar Auta ma ta ce a kai mata ɗaya gida. Auta ta haɗa, amma da lambar babanta. Ran nan yana tsakiyar yi wa wasu baƙi bayani wayarsa ta yi ƙara, ya duba: kaya sun bushe. Ya buga wa matarsa ya shaida mata.

"To, a zo a kwashe," ta ce.

"Ni?"

"Ai kai ta kira, ba ni ba."

Ya bar Auta da baƙin, ya ɗauki makullin babur yana ƙyaƙyata dariya.