Ranar da Yaya Ya Kai Gwara Tasha

Da likita ya ce wa Yayana ya nemi abin da zai kwantar masa da jini, sai ya sayo tabaron hangen nesa da littafin tsuntsaye, ya kafa kujera a barandar benenmu. Ni ina falo kan keken ɗinkina ina kallon ikon Allah. Mutumin da bai taɓa barin ɗan'adam ya kai ƙarshen zance ba, wai shi zai saurari tsuntsu!

Ina da dalilin faɗin haka. Bara agogon marigayi Babanmu ya ɓace, Yaya ya rantse matarsa ce ta ba ƙaninta. Antina tana kuka tana rantsuwa, ya ɗauki akwatinta ya kai ta tasha. Daga baya agogon ya fito a aljihun rigarsa ta sanyi. Ya je ba da haƙuri? Ina! Ya ɗaura abinsa a hannu kawai, ita kuwa har yau tana gidan iyayenta. Abin nan yana nan tsaye a wuyana, ban haɗiye ba.

A barandar akwai tsohuwar fitila da ta mutu. A cikinta wani ɗan mitsitsin tsuntsu, ja wur, ya yi sheƙa. Yaya ya buɗe littafi ya doka ihu:

"Auta, zo ki gani! Baiwar Allah ce, ga hotonta sak!"

Ya raɗa masa suna Ɗan Ja. Tsaba, ruwa a murfin kwalba, har hana ni shanya ya yi a wajen. Da ya leƙa ya ga ƙwai, sai ka ce shi aka yi wa haihuwa.

Wata safiya muka tarar da ƙwai ɗaya a ƙasa, a fashe. Ni dai na ga ƙadangare a bango yana gyaɗa kai, amma wa ya tambaye ni? Daidai lokacin wata 'yar tsuntsuwa ruwan ƙasa ta fito daga cikin fitilar.

"Ga ta nan! Gwara ce, 'yar banza! Wallahi sai ta gane kurenta."

A ilimin Yaya, tsuntsu in ja ne baiwar Allah, in ruwan ƙasa ne gwara, an gama karatu. Ya daina cin abinci a kan lokaci. Ya kore ta da tsintsiya, ta dawo. Ya watsa mata ruwa, ta dawo. Duk dawowarta sai ya ƙara cika yana batsewa, yana cewa bai taɓa ganin mara kunya irinta ba. Ana cikin haka sauran ƙwan suka ƙyanƙyashe, ya ce yanzu kam 'ya'yan take hari.

Ya kifa kwando, ya tokare shi da tsinke, ya ɗaura zaren da ya sata a kekena, ya zuba tsaba a ƙarƙashi. Ya yini a bayan labule. Da la'asar sai na ji fap!

Ya sa ta a kwalin takalmi mai huji. Na leƙa. Bakinta ja ne, irin na Ɗan Ja, kuma gindin wutsiyarta ma ja.

"Yaya, ka ga bakinta kuwa? Kamar..."

"Ke rufe mini baki! Me kika sani ban da allura?"

Haka ya ce mini ranar agogo, babu ragi babu ƙari. Na ja bakina na tsuke, kuma da gangan na yi. Na ce a raina, je ka, yau sai ka ɗanɗana.

Bai iya kisa ba, wannan kam na shaide shi. Mota ya shiga da kwalin har tashar ƙarshe, can unguwar surukansa, don a ganinsa nan ne ƙarshen duniya. Ya sake ta, ya dawo yana taku ɗaɗɗaya.

Washegari Ɗan Ja bai ci tsabar ba. Ya shiga fitila, ya fito, ya hau waya yana kira, ya koma. 'Ya'yan suna ta tsiwa, shi kaɗai ya kasa ƙosar da su. A nan raina ya ɓaci da kaina, don ban yi lissafi da su ba.

Can sai ga wata tsuntsuwa ta dira kan tsabar, dirim, ta kusa ninka Ɗan Ja a girma. Kai toka-toka, baki baƙi mai kauri, tana tsalle tana surutu. Yaya ya ɗaga tabarau, ya daɗe bai sauke ba.

"Auta... wannan kuma mece ce?"

"Gwara ke nan, Yaya."

Na ɗauko littafin na buɗe masa shafin da ya fi so. A gefen babban hoton jan tsuntsun akwai ƙarami, wanda babban yatsansa ke dannewa kullum in ya riƙe littafin. Ruwan ƙasa, jan baki. An rubuta a ƙasa: mace.

"Matarsa ce ka kai tasha," na ce. "Hannunka ya saba."

Na jira tsawa, har na gyara tsayuwa. Sai kawai ya dubi fitila, ya dubi agogon da ke hannunsa. Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba, na kuma ji tausayinsa kaɗan, kaɗan dai.

"Za a same ta kuwa?" ya tambaya a hankali.

"Ai ka san inda ka ajiye ta."

Ya shige ɗaki. Da ya fito yana rungume da kwalin takalmin, tabarau a wuya, sanye da rigarsa mai kyau wadda na ɗinka masa ya ce ta yi ado da yawa. Ya wuce ni bai yarda mun haɗa ido ba, ya sauka bene.

Na tsaya a ƙofa ina shaƙar iska. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya fesa turare don neman tsuntsu ba.