Gaskit Na Kwali

Sau uku tana tashi daga bencin garejin tana komawa. Jif ɗin mijinta na tsaye a kan rami, baƙin mai yana ɗiga daga ƙasansa, ɗis, ɗis, kamar yadda yake yi a ƙofar gidanta kowace safiya.

"Matar Yaya, ki zauna mana. Kina sa min jiri," in ji Gajere daga cikin ramin. Ƙanin mijinta ne, kuma shi ne makanikin gidan tun kafin ta shigo cikinsu.

"Jirin da ka sa min fa? Zuwana na huɗu ke nan. Kullum ka ɗaure noti, ka shafa gam ta waje, ka ce in tafi. Kwana biyu sai yoyon ya dawo."

"Tsohuwar mota ce, kamar mai ita."

"Tsohuwa ta fi ƙarfinka. Yau buɗe ƙasan injin za ka yi."

Ta ji ƙarar spana tana buga ƙarfe, irin bugun wanda ba aiki yake yi ba.

Wata biyar ke nan da rasuwar mijinta. Ya faɗi a tsakar gida ranar Talata, ranar Lahadi aka dawo da shi a rufe. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin sa. Surukarta, Inna, ta dube ta a gaban mutane ta ce, "Ke da kike ɗaki ɗaya da shi, ba ki ga komai ba?" Sau ɗaya ta faɗa. Tun daga ranar matar mamacin ba ta iya zama wuri guda ba. Tana shara tana tuna ramar da ya yi, tana wanki tana tuna abincin da yake ragewa. Da ta matsa masa ya je asibiti, da yanzu wataƙila shi ne a tsaye a nan yana zagin Gajere.

Ta tattare zaninta ta tsuguna a bakin ramin.

"Farantin ƙasan nan, inda mai yake taruwa. Ba nan ne yake yoyo ba?"

"Nan ne."

"To kwance shi."

"Aiki ne na wuni guda. Sai an juye man duka, a kankare, a jira gam ya kama."

"Ina da wunin. Abin da ba ni da shi barci ne."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya tara bokiti, ya buɗe, man ya zubo baƙi wuluk. Ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya yana jefa su a gwangwani. Ita kuwa ta zagaya motar, ta buɗe ƙofa ta rufe, ta leƙa titi, ta dawo.

Da farantin ya sauko, ta ga abin da ke manne a bakinsa. Gaskit ne, shimfiɗar da ke hana mai yoyo, amma ba na kanti ba. Kwali ne aka yanka da hannu, aka huda masa ramukan noti. Gajere ya kai wuƙa zai kankare shi da sauri.

"Tsaya. Miƙo min."

Mai ya jiƙa shi, amma wani kunne da ya leƙo waje bai gama baƙi ba. Kore ne. Ta san wannan koren. Irin fayil ɗin da ta rungume kwana biyar a barandar asibiti ne. Ta goge da babban yatsa. Ga rabin hatimi, ga ƙarshen sunan mijinta da biro, ga kwanan wata. Shekara biyu kafin ya faɗi.

"Gajere."

Ya fito daga ramin ya zauna a ƙasa, bai dube ta ba.

"Ni na kai shi asibiti a lokacin. Sun gaya masa komai a ranar. Da muka dawo sai ya tarar motar tana zuba, babu gaskit a kanti. Ya ƙona takardun, ya ɗora fayil ɗin a kan farantin, ya bi da guduma ya fitar da shi. Ya ce ko banza kwalin ya yi amfani. Ya rantsar da ni kada ke ko Inna ku ji."

"Ka ji abin da ta faɗa min a gaban mutane."

"Na ji."

"Ka yi shiru."

"Na yi."

Ta so ta mare shi. Amma ta fasa. Ta koma benci, ta zauna, wannan karon ba ta tashi ba. Tana kallo ya wanke farantin da fetur, ya kankare bakin injin tas, ya ja siririn layin gam, ya ɗora sabon gaskit, ya bi notunan a gicciye yana ɗaurewa kaɗan kaɗan.

"Za ki nuna wa Inna?" ya tambaya yana zuba sabon mai.

Ta naɗe kwalin a cikin tsumma ta sa a jaka.

La'asar sakaliya ta ajiye motar a ƙofar gida. Inna na zaune a zaure, tana riƙe da hular ɗanta kamar kullum. Matar ɗan nata ta ɗebo yashi don ta rufe man kamar yadda ta saba, ta tsaya tana jira. Ƙasa a bushe take.

"An gyara?" in ji Inna.

"An gyara."

"Me ya same ta?"

Ta dubi tsohuwar, ta dubi hular. Ta ji nauyin jakar a kafaɗarta.

"Wata takarda ce ta tsufa a ciki, Inna."

Ta zubar da yashin ta shige gida.