Awon Makara

Yayana Abdulmalik mutum ne da ba ya sayen takalmi sai ya tambayi mai shago inda ake gyara shi in ya tsinke. Don haka da ya tashi ginin benensa a nan Zongo, babu wanda ya yi mamakin ganin ya tsare magini tun kafin a haƙa tushe. Sai da suka tsayar da inda famfo zai zauna, da inda ragon layya zai kwana, da yadda za a ɗaga daɓe don kada ruwan damina ya shigo falo ba sallama. Masai kuwa sau uku aka juya shi a takarda, kada ya fuskanci alƙibla, kada kuma ya ba ta baya. Duk wannan ban ga laifinsa ba. Matakala ce ta ja mana abin faɗa a unguwa.

Bari in faɗi dalili, kada a ɗauka yayana taɓaɓɓe ne. Mahaifinmu ya rasu a gidan haya a unguwar Saint-Michel, a hawa na biyu. Matakalar gidan siririya ce, ga wata kwana a tsakiya wadda ko katifa sai an naɗe ta take wucewa. An yi wa tsoho wanka an suturta shi, aka yi juyin duniya makara ta ƙi shan kwanar nan. Ƙarshe ta baranda aka zuro shi da igiya kamar buhun masara, masu babur ɗin haya sun tsaya a titi suna kallo. Ni na yi kukana ya wuce. Yaya shi ya riƙe igiyar, kuma tun ranar ya rantse cewa shi ta ƙofa zai fita daga gidansa, a kwance, a mutunce.

Wata ranar Alhamis da hantsi ya kira ni wurin ginin. Dramane, magininsa, mutumin Djougou, ya gama kafa katakon da za a zuba kankaren matakala a kai. Na tarar da su tsaye a kwanar, Yaya ya haɗe rai.

"Patron," in ji Dramane, haka yake kiran mai gini, "eskaliye ɗin nan, matakalar, faɗinta mita ɗaya ne da santimita goma. Ko firji ya wuce."

"Ban tambaye ka firji ba. Ni zan wuce?"

"Kai ai yanzu ka hau ka sauka."

"A kwance nake nufi."

Dramane ya dube ni, ni kuma na dubi rufin da ba a yi ba tukuna. Ya ciro tef ɗin awo ya ja ya nuna, ya ce lissafi ya ba da, amma in akwai gyara a faɗa yau, don ranar Asabar za a zuba kankare, in ya bushe kuwa sai dai guduma. Yaya ya ce shi bai taɓa ganin an ɗauki gawa da tef ba. Sannan ya juyo wurina.

"Abdoulaye, je masallaci ka aro mini makara."

Na yi gardama, Allah ya sani na yi. Amma a gidanmu ƙane ba ya cin gardama, sai dai ya gaji. Na ɗauki leburori biyu muka tafi.

Ladan na jin buƙatata ya dafe ƙirji ya yi salati. "Wa ya rasu?"

"Ba kowa tukuna."

Na yi masa bayanin awo, bai gane ba, na sake yi, ya gane amma bai ji daɗi ba. Ya ce mu ɗauka, sai dai a dawo da ita kafin azahar, don ba a san mai buƙatarta da gaske ba.

Kuskurena ɗaya ne, kuma na amsa shi. Makarar tana da koren mayafinta, ni kuma na ga babu dalilin riƙe shi a hannu, sai na bar shi shimfiɗe a kai. Muna fitowa mai shayi ya ajiye buta ya biyo mu. Mahauta biyu suka goge hannu suka biyo. Direbobin Parakou da ke jiran lodi suka taso, kowa na neman ladan rakiya. Na juya na ɗaga murya na ce jama'a ku koma, babu wanda ya mutu. Wani dattijo mai sanda ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka ake ji da farko, ɗana. Yi haƙuri." Kafin mu isa wurin ginin mun fi mutum arba'in.

Muka bar su a waje muka shiga. Hawa bai ba mu wahala ba, don a kwanar Dramane ya karkata makarar gefe ɗaya ta wuce sumul. Ya tafa hannu ya ce shi ke nan, magana ta ƙare.

"Babu kowa ciki ka karkata ta," in ji Yaya. "Da ni a ciki haka za ka zubar da ni?"

Ya cire hula ya ba ni, ya tuɓe takalmi ya jera su, ya hau ya miƙe. Ya ce a lulluɓe shi, don a ga ko mayafin zai maƙale a rodi. Ni na kama wajen kai, Dramane da leburorinsa suka kama sauran. Yaya ba ƙaramin mutum ba ne, katako sai kuka yake yi a ƙarƙashinmu. Taka bakwai muka sauko lafiya. A kwanar, gaban makara ya daki bango, bayanta ya tokare ginshiƙi, muka tsaya cak.

"Abdoulaye, ɗaga kai!" in ji Yaya daga cikin mayafi. "Ba haka ba, jini na sauko mini. Ku na ƙafa ku ja hagu. Hagunku, ba nawa ba!"

"Patron, gawa ba ta magana," in ji Dramane yana haki.

"Shi ya sa nake yi yanzu."

Abin da ba mu sani ba, mutanen waje ba su zauna haka nan ba. Sun leƙo sun ga ƙafafun Alhaji Abdulmalik a makara, sun fara daidaita sahu a kan yashin gini. An tura mutum maƙabarta. Wani mai son a ce shi ya fara faɗa kuma ya buga waya kasuwar Missèbo, rumfar atamfar Hajiya Labiba, matar Yaya.

Ina tsaye a sama, ta tagar da ba a sa wa ƙarfe ba na ga saukarta daga babur. Takalminta ɗaya ne. Hajiya Labiba mace ce da in tana ciniki ana jin muryarta layi uku, amma ranar ba ta yi ihu ba. Sahu ya buɗe mata ta ratsa, ta tsaya a gindin matakala tana kallon tafin ƙafar mijinta. Wallahi tausayinta ya kama ni har na kasa buɗe baki.

Daidai nan mayafin ya motsa ya ce, "Kun matse mini kafaɗa, marasa kan gado!"

Sahu ya watse. Dattijon nan mai sanda, ranar aka gane sandar ta ado ce.

Hajiya ba ta motsa ba. Ta ce, "Alhaji, sauko."

Muka ajiye makarar yadda ta samu. Yaya ya yaye mayafi ya tashi zaune, ya ga matarsa da takalmi ɗaya, ya fara bayanin santimita.

"Ashe awo ake yi," ta ce.

"Awo ne, Hajiya. Gara a gyara tun kankare bai..."

"A kan babur na fara takaba. Daga Missèbo zuwa nan ba ni da miji." Ta cire ɗaya takalmin ta ajiye. "To amma wa ya ba ka takardar cewa kai za ka riga ni? Ɗakin saman nan tare za mu kwana a ciki, kuma na fi ka faɗi. In awo ne, a auna da ni. Ku mai da ita sama."

Yaya ya ce bai dace ba, ga maza cike da waje. Ta ce ranar gaskiyar ma maza ne za su ɗauke ta. Muka mai da makara sama, ta hau ta gyara zanenta ta kwanta, ta ja koren mayafin da kanta. Kafin ta rufe fuska ta ce, "Alhaji ne zai kama wajen kai."

Na matsa masa ya kama. Muka fara sauka.

Ita ba ta ba da umarni ba. Ba ta ce hagu ba, ba ta ce dama ba, ko tari ba ta yi ba. Ta saki jikinta gaba ɗaya, nauyin ya zama wani iri a hannu. Leburorin da ɗazu suke danne dariya suka yi tsit. A taka na huɗu Yaya ya ce, "Hajiya, ba a matse ki ba ko?" Shiru. A kwanar muka sake tokarewa, daidai inda muka tokare ɗazu.

"Hajiya, mun zo kwanar."

Shiru.

"Hajiya."

Ya sunkuya kan mayafin ya ɗaga murya.

"Labiba!"

Shekara talatin da ɗaya da aurensu, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya ce a sauke, a sauke ta yanzu, muryarsa ta fashe. Muka sauke. Ya durƙusa ya fizge mayafin, ga ta idanu rufe, hannaye a miƙe. Ya zauna daɓas a kan katako, ƙaton mutum da furfurarsa, ya rufe fuska yana kuka kafaɗunsa na girgiza. Ni ma na juya baya, don idona ya cika.

Sai da ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta buɗe ido ɗaya.

"Na wuce?"

"Ba ki wuce ba."

"To."

Ya share fuska da hannun riga, ya nemi Dramane da ido.

"Ɗakinmu a ƙasa za a yi shi."

"Patron, ƙasa ai shago biyu ne a plan."

"Cire ɗaya. Ka sa mana ƙofa mai faɗi, ta fita tsakar gida kai tsaye. Saman na yara ne."

Dramane ya ciro fensir daga bayan kunne ya ce to, in an yi ƙofar sai a sake aro makarar a gwada. Yaya ya ce duk wanda ya ƙara shigo masa da abin nan gida, shi da shi ne. Ya miƙa wa Hajiya hannu ta tashi. Da ƙafarta ta sauko, yana riƙe da ita a gaban duk wanda ya rage na Zongo, kowace taka sai ya ce mata ta yi a hankali.